Wallace, Thurmond, Long ko Fulbright: in dole ce, wa za ka dangwala wa?

A ce an tara manyan 'yan siyasar kudancin Amurka na zamanin wariyar launin fata, tun daga wajen 1930 har zuwa 1970, aka ce su kara biyu-biyu a takarar shugaban ƙasa, sannan aka miƙo maka takardar ƙuri'a aka ce babu zancen ƙaurace wa zaɓe, dole sai ka dangwala wa ɗaya. Amsa mafi sauƙi ita ce duk kanwar ja ce, kuma ba ƙarya ba ne, don kowanne a cikinsu ko dai ya kare tsarin da ya raba makaranta da asibiti da wurin cin abinci tsakanin fari da baƙi, ko kuma ya zauna a kansa ya ci moriyarsa bai ce uffan ba. Kai a wancan lokacin ma mai fata irin tamu ba zai kai ga akwatin ba, a jihar Mississippi a 1964 baƙaƙen da ke da rajistar zaɓe ba su kai kashi 7 cikin ɗari ba, saboda harajin ƙuri'a da jarrabawar karatu ta mugunta da kuma tsoron a kore ka daga gona ko a biyo ka gida da dare. Amma dai jan ma hawa-hawa ne. Kuma tambayoyi biyu ne a nan da mutane ke yawan cakuɗawa, wa zai ci daban, wa ya kamata ka zaɓa daban.

Mu fara da karawar da kowa ke so, George Wallace na Alabama da Strom Thurmond na South Carolina, tunda su biyun duk sun taɓa tsayawa da gaske. Thurmond ya tsaya a 1948 bayan sun ɓalle daga Democrat don shugaban ƙasa Truman ya taɓo maganar 'yancin baƙar fata, ya ci jihohi huɗu, ya samu ƙuri'un wakilai 39 (a can wakilan jihohi ne ke naɗa shugaba, ba jimillar ƙuri'un ƙasa ba), amma a faɗin ƙasa kashi 2.4 kawai ya samu. Kuma ko jihohi huɗun nan akwai wayo a ciki, a can sunansa ne aka ɗora a gurbin Democrat, a Alabama ma sunan Truman sam bai fito a takardar ba. Wallace kuwa a 1968 ya ci jihohi biyar, wakilai 46, ƙuri'a kusan miliyan 10, kashi 13.5 kenan, kuma da jam'iyyar da ya ƙirƙira da kansa. Bambancin shi ne Wallace ya iya magana da leburan masana'anta na arewa. Tun a 1964 ya je zaɓen fid da gwani a Wisconsin, jihar da ba ruwanta da kudu, ya kwashi kusan kashi ɗaya cikin uku, a 1972 kuma ya ci Michigan ɗungurungum. Ɗan dambe ne a ƙuruciyarsa kuma haka yake kamfe, ya hau dandamali yana zagin alƙalai da malaman jami'a da ma'aikatan Washington, jama'a na ihu. Thurmond ba shi da wannan bakin, shi juriya gare shi, mutumin da ya tsaya a zauren majalisar dattawa a 1957 yana surutu awa 24 da minti 18 don kawai ya hana a kaɗa ƙuri'a kan dokar 'yancin jama'a.

To a faɗin ƙasa Wallace zai cinye shi, ba ma kusa ba. Amma akwai wani abu, karawar nan ta taɓa faruwa a fakaice. A 1968 Thurmond ya riga ya koma Republican tun 1964, shi ya zagaya kudu yana cewa mutane ƙuri'ar Wallace asara ce su bi Nixon ɗan takarar Republican, kuma Nixon ya ci South Carolina da North Carolina da Tennessee, duk ukun Wallace ne ya zo na biyu. Mugu shi ya san makwancin mugu. Wallace kuma ya ƙara wa kansa ciwo da ya ɗauko Janar Curtis LeMay a matsayin mataimaki, ran da aka gabatar da shi ga 'yan jarida sai ya ɓige da maganar makaman nukiliya kamar ba wani abin tsoro ba ne, Wallace na tsaye a gefe yana neman ya toshe masa baki.

Wa zan zaɓa a cikinsu? Nan fa ake yinta. Wallace ba da akidar ya fara ba, a 1958 ya nemi gwamna a matsayin mai sassauci har ƙungiyar NAACP ta baƙar fata ta mara masa baya, John Patterson da 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar turawa masu ta'addanci kan baƙaƙe, ke bayansa ya kayar da shi, daga nan ya juya gaba ɗaya. Ranar rantsar da shi a Janairun 1963 ya ce wariya yau, wariya gobe, wariya har abada. A watan Yuni ya je ya tsaya a bakin ƙofar jami'ar Alabama don ya tare ɗalibai biyu, Vivian Malone da James Hood. A watan Satumba aka tayar da bam a wani coci a Birmingham yara mata huɗu suka mutu, ba shi ya dasa ba amma iskar da ya hura ce ke kaɗawa a jihar. Kuma 'yan sandan jiharsa ne suka yi wa masu tattakin neman 'yancin zaɓe dukan kawo wuƙa a gadar Selma ranar 7 ga Maris 1965. Daga baya an harbe shi a Maryland a 1972 ya shanye daga ƙugu zuwa ƙasa, ya zo ya nemi gafarar baƙaƙe a fili, kuma a 1982 su ne suka fito suka zaɓe shi ya koma gwamna. Shi Thurmond bai taɓa fitowa ya ce na yi kuskure ba har ya mutu yana da shekara 100 a 2003, sai dai ya sauya taku a hankali, ya ɗauki baƙar fata aiki a ofishinsa a 1971, ya goyi bayan hutun tunawa da Martin Luther King a 1983. Bayan mutuwarsa da 'yan watanni wata dattijuwa Essie Mae Washington-Williams ta fito ta ce ita 'yarsa ce, mahaifiyarta baƙar fata ce 'yar aikin gidansu kuma yarinya ce ƙarama lokacin da abin ya faru, iyalinsa suka amsa haka ne. Wato duk ihun da yake na kar jini ya gauraya, yana da 'ya baƙa yana biya mata kuɗin makaranta a ɓoye. In Wallace na 1982 ne zan ba shi. In na 1963 ne, wallahi gara Thurmond, don aƙalla lokacin da yake gwamna a 1947 da wasu suka fitar da wani baƙar fata Willie Earle daga kurkuku suka kashe, ya matsa aka kama su aka kai kotu, duk da an sallame su kaf.

Theodore Bilbo na Mississippi ba sai na ɓata muku lokaci ba, ko da wa aka haɗa shi ɗaya ɓangaren za ka zaɓa. Shi ne ya amsa da bakinsa a gidan rediyo a 1946 cewa shi ɗan Ku Klux Klan ne, shi ne kuma ya kawo ƙudiri a 1939 na a kwashe baƙaƙen Amurka a maido su Afirka ta Yamma wajen Laberiya. Har abokan aikinsa a majalisa sai da suka ƙi rantsar da shi a 1947.

Orval Faubus da Lester Maddox ma karawar 'yan ƙananan kaya ce, ba wanda zai ci ko jiha biyar a cikinsu. Faubus ne ya sa dakarun jihar Arkansas suka tare yara tara a ƙofar sakandaren Little Rock a 1957, har Eisenhower ya turo sojojin tarayya, shekara ta gaba kuma ya rufe manyan sakandaren garin baki ɗaya. Maddox mai gidan soyayyar kaza ne a Atlanta, da bindiga da ƙotar gatari aka kori baƙaƙe daga ƙofarsa a 1964, ya gwammace ya rufe shagon da ya sayar musu da abinci. Abin mamakin shi ne da ya zama gwamnan Georgia a 1967 ya naɗa baƙaƙe muƙamai fiye da waɗanda suka gabace shi, ya kuma gyara gidajen yari. Mahaukaci ne amma ɓarnarsa da mulki a hannu ba ta kai ta Faubus ba, shi zan ba.

Wadda ta fi min daɗi ita ce Huey Long na Louisiana da Harry Byrd na Virginia, don ba su da abin da ya haɗa su sai kudu. Byrd attajirin manomin tuffa ne, mai sanyin murya, mai tsantseni da kuɗin gwamnati, ƙa'idarsa ita ce kar a ci bashi, abin da ke hannu shi za a kashe. Ya riƙe Virginia kusan shekara arba'in ta hanyar rage yawan masu zaɓe, harajin ƙuri'a ya kori baƙaƙe ya kori talakawan turawa tare. Da kotun ƙoli ta haramta raba makarantu a 1954, shi ne ya ƙaddamar da shirin turjiya ta gama-gari a 1956, kuma a ƙarƙashin wannan shirin wata gunduma mai suna Prince Edward ta rufe makarantun gwamnati gaba ɗaya daga 1959 zuwa 1964. Shekara biyar fa. Yaran turawa aka buɗe musu makaranta mai zaman kanta da tallafin gwamnati, yaran baƙaƙe wanda iyayensa ke da dangi a wata jiha aka tura shi, wanda ba shi da su ya zauna gida, yaron da ya kamata ya shiga aji ɗaya yana shekara shida sai da ya kai sha ɗaya bai riƙe alli ba. Byrd bai taɓa tsayawa a ƙofar makaranta yana ihu ba, amma wannan ta fi tsayuwar Wallace ta yini ɗaya muni nesa ba kusa ba. A 1960 ma ba tare da ya tsaya takara ba wakilai 15 suka ba shi ƙuri'arsu.

Long kuma guguwa ne. Ya zama gwamna a 1928 ya tarar da jihar da titin kwalta bai wuce mil 300 da wani abu ba, ya ci bashi ya shimfiɗa dubbai, ya gina gadoji, ya raba littattafan karatu kyauta ga duk yaro har na makarantun baƙaƙe, ya buɗe ajin dare na yaƙi da jahilci, ya yi yunƙurin lafta wa kamfanin mai na Standard Oil haraji har suka nemi a tsige shi a 1929 ya sha. A 1934 ya fito da shirin raba arziki, takensa kowa sarki ne, ya ce a ƙayyade dukiyar da mutum ɗaya zai tara, a ba kowane magidanci abin da ya kai dala 5,000 na gida da mota da rediyo. A lokacin da masu neman aiki ke layin miya wannan magana ba wasa ba ce, mutanen shugaban ƙasa Roosevelt da kansu sun yi ƙididdigar sirri suka ga zai iya janye ƙuri'a miliyan uku zuwa huɗu a 1936. Ba ya kamfe da zagin baƙar fata yadda su Bilbo ke yi, ya ma soke harajin ƙuri'a a 1934, sai dai kar a ruɗe ku, sauran shingayen suna nan, baƙaƙen Louisiana ba su samu ƙuri'a a hannunsa ba, makarantu kuma a rabe ya bar su.

In aka haɗa su Long zai yi wa Byrd kaca-kaca, kuma ni ma shi zan dangwala wa a wannan zagayen. Amma ku riƙe ɗaya fuskar tasa don za mu dawo kanta. Da ya tafi majalisar dattawa ya ajiye ɗan amshin shatansa O.K. Allen a kujerar gwamna yana juya jihar daga nesa, ana yankar wani kaso daga albashin ma'aikatan jiha ana zubawa a akwatin siyasarsa, ya ƙaƙaba wa manyan jaridun da ke sukarsa haraji na musamman, ya tura dakaru New Orleans suka mamaye ofishin rajistar masu zaɓe a 1934. An harbe shi cikin ginin majalisar jihar a Baton Rouge a Satumban 1935, yana da shekara 42.

Sai manyan riguna biyu, Richard Russell na Georgia da William Fulbright na Arkansas. Duk wanda ya karanta tarihin Russell sama-sama zai so shi. Shekara 38 a majalisar dattawa, bai taɓa aure ba, aiki kawai, ba a taɓa kama shi da almundahana ba, shi ne uban dokar ciyar da 'yan makaranta ta 1946 wadda har yau sunansa take ɗauke da shi, kuma ya gargaɗi shugaban ƙasa Lyndon Johnson a asirce kan shiga yaƙin Biyetnam. Ya nemi tikitin Democrat a 1952 da gaske, Truman ma ya taɓa cewa da daga wata jiha kamar Indiana ko Missouri ya fito da ƙila ya zama shugaban ƙasa. To amma a ganina shi ne mafi hatsari a duk jerin nan, ya fi Wallace. Wallace ihu ne da kyamara, dakarun tarayya na zuwa ya matsa gefe ɗaliban suka shige. Russell kuwa ya haddace dokokin majalisa kamar karatun allo, shi ne kwamandan sanatocin kudu, yana raba su rukuni-rukuni suna karɓa-karɓar surutu har ƙudiri ya mutu. Da wannan dabara aka kashe ƙudirorin hana kisan gilla da gungun turawa ke yi wa baƙaƙe tun shekarun 1930, dokar da ba ta samu fitowa ba sai 2022. A 1964 ya riƙe majalisa sama da wata biyu kan dokar 'yancin jama'a kafin a karya shi da ƙuri'a 71 da 29. Na yarda bayan dokar ta wuce ya fito ya ce wa mutanensa su bi doka, wannan halin dattako ne. Amma shi wariyar nan imani ya yi da ita har zuci, ba neman ƙuri'a ba ne, kuma mai imani da ƙwarewa in ya hau kujerar da ke naɗa alƙalan kotun ƙoli, an gama.

Fulbright sunansa ba baƙo ba ne a wajenmu, tallafin karatun nan da malaman jami'o'inmu ke nema su je Amurka shi ya kawo dokarsa a 1946. Ɗan boko ne na gaske, ya yi Oxford, ya shugabanci jami'ar Arkansas yana ɗan shekara talatin da 'yan kai. A 1954 shi kaɗai a duk majalisar ya ƙi amincewa da kuɗin kwamitin McCarthy mai farautar 'yan kwaminis, lokacin da kowa ke rawar jiki. Shi ya jagoranci ƙudirin da ya buɗe wa Johnson ƙofar yaƙin Biyetnam a 1964, sannan ya dawo ya zama babban mai sukar yaƙin. To wannan jarumin, da aka zo maganar baƙaƙen jiharsa sai ya zama kaza. Ya sa hannu a takardar turjiyar da 'yan majalisar kudu 101 suka fitar a 1956, alhali Estes Kefauver da Albert Gore na maƙwabciyarsa Tennessee sun ƙi sa hannu kuma ba su mutu ba. Rikicin Little Rock a jiharsa aka yi, ya yi gum. Ya ƙi dokar 1964, ya ƙi dokar zaɓe ta 1965. Wannan ne ma ya ci masa kujerar sakataren harkokin waje, shugaban ƙasa Kennedy na son ba shi amma ana tsoron yadda sabbin ƙasashen Afirka za su kalli abin, kuma tsoron na da dalili, a 1961 jakadan Chadi Adam Malick Sow yana kan hanyarsa ta zuwa Washington ya tsaya shan kofi a Maryland aka ce ba a sayar wa baƙi.

A akwati Russell zai kwashe kudu, Fulbright zai kwashe arewa da yamma, kuma can wakilan suka fi yawa, to Fulbright zai ci. Ni ma shi zan ba, kuma dalilina Lyndon Johnson ne. Johnson ɗan Texas ne, yaron Russell ne a majalisa, shekara ashirin yana ƙin duk wani ƙudirin 'yancin baƙar fata da ya zo gabansa, amma da ya zama shugaban ƙasa masu zaɓen Texas suka sauka daga wuyansa, shi ya sa hannu a dokokin 1964 da 1965 yana kallon ubangidan nasa ido cikin ido. To abin da nake dubawa a kowanne kenan, in an cire masa tsoron mutanen gida me zai rage? A Russell da Byrd da Bilbo wariyar ce za ta rage. A Wallace son mulki ne zai rage, duk inda iska ta kaɗa nan zai bi. A Fulbright akwai alamar wani abu, don a 1970 da baƙaƙen Arkansas suka fara yin rajista da yawa ya goyi bayan tsawaita dokar zaɓen da ya ƙi shekara biyar baya, ya kuma ƙi amincewa da Harrold Carswell, alƙalin kudu mai tarihin wariya da Nixon ya so kaiwa kotun ƙoli.

Zagayen ƙarshe kenan Long da Fulbright. In shekarar yunwa ce irin 1936 Long zai yi masa fintinkau, ɗan Oxford ba zai iya da mai yi wa talaka alƙawarin gida da mota ba, kuma ba zan zargi baƙar fatar da ya ce shi Long zai bi ba, tunda littafin da ɗansa ke karatu da shi daga hannunsa ya fito. Amma ni Fulbright zan dangwala wa, ina toshe hanci. Duk nasarar da baƙaƙen Amurka suka samu ta ƙofa uku ta shigo, kotun da ta yanke hukuncin 1954, jaridu da talabijin da suka nuna wa duniya dukan Selma, sai majalisar da a ƙarshe aka tilasta mata yin doka. Long kuwa duk ukun ya murƙushe su a Louisiana cikin shekara bakwai, majalisar jiha ta koma tana wuce masa ƙudirori da dama a zama ɗaya ba tare da an karanta ba, harajin jaridun nasa ma sai kotun ƙolin tarayya ce ta soke shi a 1936 bayan ya mutu. In shi ne a fadar White House, shi zai naɗa alƙalan wannan kotun.